Kammala sakandare a Amurka: Yawan takardu ko yawan ilmi?

Alƙaluman hukuma a Amurka sun nuna cewa a shekarar karatu ta 2021/2022, cikin kowane ɗalibai 100 na makarantun sakandaren gwamnati, 87 ne suka kammala karatunsu cikin shekaru huɗun da aka ƙayyade.

A shekarar karatu ta 2010/2011, lokacin da aka fara yin ƙidayar da ma'auni ɗaya a ƙasar, adadin bai wuce kashi 79 cikin ɗari ba.

Sai dai kuma sakamakon jarrabawar gwaji ta ƙasa da ake kira NAEP, wanda aka fitar a watan Satumbar 2025, ya nuna cewa makin ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a fannin karatu da fahimta ya faɗi zuwa matsayin da bai taɓa kaiwa ba tun da aka fara wannan gwaji a 1992.

A fannin lissafi kuwa, kashi 22 cikin ɗari ne kawai suka kai matakin ƙwarewa, yayin da kashi 45 suka kasa kaiwa ko da matakin farko.

Wannan saɓani ne ya sa ake ta muhawara a ƙasar kan abin da takardar shaidar kammala sakandare ke tabbatarwa game da wanda yake riƙe da ita.

Babu jarrabawar ƙasa

Ba kamar Najeriya ba, inda ɗalibi ke zana jarrabawar WAEC ko NECO, ko kuma Nijar inda ake zana BAC, a Amurka babu wata jarrabawa guda ɗaya da ke raba gardama a ƙarshen karatun sakandare.

Harkar ilmi tana hannun jihohi ne da kuma gundumomin makarantu kimanin 13,000, waɗanda ke samun kaso mai tsoka na kuɗinsu daga harajin gidaje da filaye na yankin da suke.

Ɗalibi kan shiga aji na 9 yana da kimanin shekara 14, ya fita daga aji na 12 yana da kimanin 18. A tsawon wannan lokaci zai riƙa tara maki daga kowane darasi da ya ci, kuma yawancin jihohi na buƙatar darussa tsakanin 20 zuwa 24 kafin a ba shi takarda.

Malamin aji shi ke yanke hukuncin ko ɗalibi ya ci darasi ko ya faɗi. Ke nan makarantar da ake auna ƙoƙarinta da yawan waɗanda ta yaye, ita ce kuma ke da ikon cewa wane ya cancanci a yaye shi.

Ita kuwa NAEP ba ta da alaƙa da takardar kowa. Ɗalibai ƙalilan ake zaɓowa daga sassan ƙasar su zana ta, domin a ga inda ilmi ya dosa.

Yadda aka riƙa ɓoye waɗanda suka gudu

Kafin 2010 kowace jiha tana da nata salon ƙidaya, kuma wasu daga cikin salon sun fi kama da kwaskwarima.

Wasu jihohin kan ƙirga ɗaliban ajin ƙarshe ne kawai, su manta da waɗanda suka sulale tun daga aji na 9 ko na 10. Wasu kuma kan rubuta cewa yaro ya koma wata makaranta, alhali yana gida ko yana kan titi.

Abin ya fito fili a birnin Houston na jihar Texas a 2003, inda aka gano cewa makarantar Sharpstown ta ba da rahoton cewa ba ta da ɗalibi ko ɗaya da ya daina karatu, duk da cewa ɗaruruwa sun bar ta.

Binciken da hukumomin jihar suka yi a makarantu 16 na birnin ya gano cewa fiye da rabin ɗalibai kimanin 5,500 da suka tafi, kamata ya yi a lissafa su cikin waɗanda suka daina karatu.

Al'amarin ya ja hankali matuƙa, saboda Rod Paige, wanda ya shugabanci makarantun Houston, shi ne Sakataren Ilmi na ƙasar a lokacin, kuma nasarorin da aka ce an samu a Texas na cikin abubuwan da aka kafa hujja da su wajen yin dokar ilmi da Shugaba George W. Bush ya sanya wa hannu a watan Janairun 2002.

Akwai kuma batun takardar GED, wadda aka ɓullo da ita a 1942 domin sojojin da yaƙi ya katse wa karatu. Mutum kan same ta ne ta hanyar zana jarrabawa, ba tare da ya zauna a aji ba, kuma an daɗe ana haɗa masu ita da waɗanda suka kammala makaranta a cikin lissafi.

James Heckman, masanin tattalin arziki na Jami'ar Shikago wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 2000, ya nuna cewa abin da masu GED ke samu a kasuwar aiki ya fi kusa da na waɗanda suka daina karatu. Shi da abokin bincikensa Paul LaFontaine sun ƙiyasta cewa idan aka tace alƙaluman, ainihin masu kammalawa a farkon shekarun 2000 kusan kashi 77 ne.

A 2005 gwamnonin jihohi 50 suka amince su koma ga ma'auni ɗaya, kana a 2008 gwamnatin tarayya ta mai da shi tilas.

Tsarin shi ne a bi sawun kowane ɗalibi tun daga ranar da ya shiga aji na 9. Ba za a cire sunansa daga lissafi ba sai da shaida a rubuce cewa ya koma wata makaranta, ko ya bar ƙasar, ko ya rasu. Mai GED kuma ba ya cikin waɗanda suka kammala.

Inda aka samu ci gaba na gaskiya

A 2004 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Johns Hopkins, Robert Balfanz da Nettie Legters, sun gano cewa matsalar ba ta watsu daidai a ko'ina ba. Ta taru ne a makarantu kimanin 2,000, inda yawan 'yan ajin ƙarshe bai wuce kashi 60 na waɗanda suka fara tare ba.

Daga baya aka laƙaba wa waɗannan makarantu sunan masana'antun 'yan gudun makaranta. Kusan rabin ɗalibai baƙar fata na ƙasar a irin makarantun da kammalawa ba ta zama al'ada ba suke karatu a lokacin, idan aka kwatanta da kashi 11 na farar fata.

Cikin shekaru goma yawan makarantun ya ragu da kusan rabi. An rufe wasu, an rarraba wasu zuwa ƙanana, wasu kuma an sauya musu shugabanni.

Misalin da aka fi ambata shi ne na birnin Shikago. A 2005 masu bincike a jami'ar birnin sun gano cewa tun a aji na 9 ake iya hasashen wanda zai kammala. Cikin ɗaliban da suka tara aƙalla maki biyar a wannan shekara, ba su kuma faɗi fiye da zango ɗaya a manyan darussa ba, kashi 81 sun kammala a kan lokaci. Cikin sauran kuwa, kashi 22 ne kawai suka kai labari.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, wannan ma'auni ya fi makin jarrabawar da yaro ya shigo da shi nuna makomarsa. Yawancin waɗanda ke faɗuwa ba rashin ƙwaƙwalwa ke kayar da su ba, rashin zuwa aji ne.

Daga nan makarantun birnin suka fara ba malamai jerin sunayen 'yan aji 9 da suka soma fashi ko suka soma faɗuwa, domin a neme su tun kafin zango ya ƙare, a kira iyayensu, a zauna da su. Yawan masu kammalawa a Shikago ya tashi daga ƙasa da kashi 60 a tsakiyar shekarun 2000 zuwa sama da kashi 80 a shekarun 2020.

Ko da yake ita ma Shikagon ba ta tsira ba, domin a 2015 sai da ta rage alƙalumanta bayan 'yan jarida sun gano an rubuta wasu da suka daina karatu a matsayin waɗanda suka sauya makaranta.

A faɗin ƙasar dai, ɗalibai baƙar fata sun tashi daga kashi 67 a 2010/2011 zuwa 81 a 2021/2022, 'yan asalin Latin Amurka kuma daga 71 zuwa 83. Farar fata na da kashi 90.

Wani nazari da cibiyar Brookings ta wallafa a 2020 ya ce duk da dabarun da wasu makarantu ke yi, akwai alamun cewa babban ɓangare na ƙaruwar gaskiya ne.

Abin da ya faru a Ballou

Makarantar Ballou tana wata unguwar talakawa ce a kudu maso gabashin birnin Washington. A 2017 ta yi suna bayan da aka sanar cewa duk 'yan ajinta na ƙarshe sun samu gurbin shiga kwaleji, kuma ta yaye ɗalibai 164.

A watan Nuwambar shekarar, binciken kafofin rediyon NPR da WAMU ya nuna cewa rabin waɗanda aka yaye sun yi fashin fiye da wata uku ba tare da uzuri ba. Ɗaya cikin biyar ma ranakun da bai zo ba sun fi waɗanda ya zo yawa.

Ƙa'idar birnin kuwa ita ce duk wanda ya yi fashin darasi sau 30 ya faɗi wannan darasi. Malamai sun bayyana cewa ana matsa musu lamba su ba da makin wucewa.

Binciken da hukumomi suka sa aka yi ya gano cewa matsalar ba ta tsaya a Ballou ba. Cikin ɗalibai 2,758 da makarantun gwamnatin birnin suka yaye a 2017, an ba 937 takarda ne ta hanyar da ta saɓa wa ƙa'ida. Da aka tsaurara a shekarar da ta biyo baya, yawan masu kammalawa ya sauka daga kashi 73 zuwa ƙasa da 70.

Kafin nan, a watan Disambar 2016, jihar Alabama ta amsa cewa alƙalumanta, waɗanda suka kai kashi 89, an kumbura su.

Ɗaya daga cikin ƙofofin da aka fi bi ita ce ta darussan ramuwa, inda ɗalibin da ya faɗi darasin zango guda zai zauna gaban kwamfuta na 'yan makonni ya rama makin. An ƙirƙiro tsarin ne don taimakon wanda rashin lafiya ko matsalar gida ta ja baya, amma a wurare da dama ya zama gajeriyar hanya.

Dokar ilmi ta 2015, wadda Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu, ta wajabta wa jihohi sa baki a duk makarantar da ta kasa yaye kashi biyu cikin uku na ɗalibanta. Shugaban makarantar da kujerarsa ta rataya a kan wannan adadi ba ya buƙatar kowa ya koya masa abin da zai yi.

Jarrabawar fita na gushewa

A wani lokaci kusan rabin jihohin ƙasar na buƙatar ɗalibi ya ci jarrabawar jiha kafin ya karɓi takarda. Yanzu waɗanda suka rage ba su kai goma ba.

Kalifoniya ta dakatar da tata a 2015, har ma ta ba da takardu ga waɗanda jarrabawar ta hana a shekarun baya. A watan Nuwambar 2024 masu jefa ƙuri'a a Massachusetts, jihar da ta yi fice wajen ingancin makarantu, suka soke sharaɗin cin tasu.

Masu adawa da jarrabawar na da hujja. Wani rahoton Majalisar Bincike ta Ƙasa na 2011 ya ce irin waɗannan jarrabawa na rage yawan masu kammalawa ba tare da sun ƙara wa ɗalibai ilmi ba. Masu goyon baya kuma na cewa idan aka cire ta, babu wani ma'auni daga waje da ya rage.

Akwai masu ganin cewa faɗuwar makin NAEP ba abin mamaki ba ne, tun da yaran da a da ke gudu tun daga aji na 10 yanzu suna kaiwa aji na 12 su zana gwajin. Wannan bayani na da ƙarfi ga shekarun da adadin ke hawa, amma bai isa ya bayyana faɗuwar da aka gani tsakanin 2019 da 2024 ba, lokacin da yawan masu kammalawa kusan bai motsa ba.

A wannan tsakanin ne annobar korona ta rufe makarantu, jihohi da dama suka sassauta sharuɗɗa, yawan ɗaliban da ke fashin aƙalla kashi goma na ranakun karatu kuma ya tashi daga kimanin kashi 15 zuwa kusan 28 a 2022.

Bayan an fita

Duk da wannan ce-ce-ku-ce, takardar na da daraja a kasuwar aiki. Alƙaluman Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago na 2023 sun nuna cewa matsakaicin abin da ma'aikacin da bai kammala sakandare ba ke samu a mako shi ne dala 708. Mai takardar sakandare na samun dala 899, mai digirin farko kuma dala 1,493.

Rashin aikin yi a tsakanin rukunonin uku ya kasance kashi 5.6 da 3.9 da kuma 2.2.

Tazarar da ke tsakanin mai sakandare da mai digiri ta ninka wadda ke tsakaninsa da wanda ya gudu har sau uku. Amma waɗanda ke wucewa kwaleji kai tsaye sun ragu daga kimanin kashi 70 a 2016 zuwa kimanin 61 a 2023.

Su kansu alƙaluman da ake wannan muhawara a kansu na fitowa ne daga Cibiyar Ƙididdigar Ilmi ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi. A watan Maris na 2025 aka sallami yawancin ma'aikatan cibiyar, a lokacin da aka rage kusan rabin ma'aikatan ma'aikatar baki ɗaya, kana Shugaba Donald Trump ya sanya hannu kan umurnin a fara shirin rufe ta, matakin da ke buƙatar amincewar majalisar dokoki kafin ya tabbata.