Saƙon da ke cewa a cire fis ɗin amfilifaya

Wani saƙon murya yana ta yawo a wayoyin mutanen Surko. Daga rukunin WhatsApp na 'yan kwamitin masallaci ya faɗa na samari masu ba da hayar kayan sauti a gidan biki, har ya isa hannun masu tallar magani da ke ɗaure lasifika a kan mota suna cin kasuwannin Birnin Kudu da Sara. Mai maganar bai faɗi sunansa ba. Ya dai kira kansa injiniya, ya ce zai tona asirin da masu gyara ke ɓoye wa jama'a. A cikin abin da ya zayyana akwai gaskiya, akwai shirme marar cutarwa, akwai kuma magana guda wadda za ta iya cinye masallaci da tabarminsa.

Maganar ita ce wai fis dabarar 'yan kasuwa ce don a yi ta saye. Idan ya tsinke, in ji shi, a murɗa guntuwar waya ko takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin taba a cusa a gurbinsa, amfilifaya za ta tashi, har ma ta ƙara ƙarfi.

Ba a ga laifin wanda ya yarda ba. Ladan ya zo da asuba ya kunna, shiru. Shagon da ake samun fis daidai yana Birnin Kudu, wani lokaci ma sai an aika Sabon Gari a Kano, ga jama'a na jiran kiran salla. Ya cusa waya, fitila ta kama, murya ta fita. A idonsa gyara ya yi, kuma abin da ke sa ƙaryar nan yaɗuwa ke nan: tana aiki a ranar farko. Wanda ya cancanci a tuhume shi shi ne mai kiran kansa injiniya, domin in da gaske ya taɓa riƙe abin awon wuta, ya san abin da ke cikin batir.

A cikin amfilifayoyin masallatai, irin su Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan, akwai masu aiki da wutar Nepa da kuma batir, shi ya sa ƙauyuka suka rungume su. A ɗauki mai wat 120 a kan batir mai bolt 12. Lissafin ɗan firamare ne: 120 a raba da 12, amfiya 10, kuma a zahiri takan ja fiye da haka idan an ɗaga murya, tunda wani kaso na wutar zafi yake zama. Wayar da aka ja mata an zaɓe ta ne don irin wannan nauyi. Shi kuwa batirin, irinsa ne ke juya injin mota da ɗaruruwan amfiya a lokacin tayarwa. Idan wayar ja da baƙa suka haɗu tsirara, duk wannan ƙarfin zai bi ta siririyar wayar nan a take. Zafin waya kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bin ta: in wuta ta ninka sau biyu, zafi ya ninka sau huɗu; in ta ninka sau goma, zafi sau ɗari. Cikin daƙiƙoƙi roba ta narke, jan ƙarfe ya yi jajir, ga darduma a ƙasa, ga akwatin katako, ga silin a sama.

Aikin fis ke nan. An ƙera shi da gangan ya zama wuri mafi rauni a layin, ya narke idan wuta ta haura adadin da aka rubuta a jikinsa kafin waya ta kai ga ɗaukar zafi. Guntuwar waya ba ta da wannan rubutu, takardar taba ma haka. Wata kan narke da wuri, wata sai bayan wayar bango ta kama, kuma ba mai iya tantancewa da ido. Ƙari a kan haka, ba ta zama daram a mazauninta, sai ta riƙa tartsatsi. Batirin ruwa kuwa yana fitar da iskar haidurojin yayin caji, wadda ke iya kamawa da zarar ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri. Ƙaramin ɗakin ladan mai rufaffiyar taga, batir na caji, tartsatsi a gefensa, ba haɗin da ake so ba ne.

Batun ƙarin ƙarfi kuwa babu shi. Lafiyayyen fis ba ya rage wa amfilifaya abin da kunne zai ji.

Abin tambaya shi ne me ya tsinka fis ɗin tun farko. Wani lokaci tsufa ne kawai ko tsatsa a mazauni, a sa sabo mai lamba iri ɗaya a wuce wurin. Amma in sabon ma ya tsinke, akwai ciwo, kuma toshe shi da waya tamkar kashe kare ne don haushinsa ya hana barci alhali ɓarawo na tsakar gida. Ciwon kan kasance an juya kan batir, ja a wurin baƙi. Ko ɓera ya ci waya a cikin silin. Ko ƙofa ta datse ta. Ko wani tiransisto ya ƙone a ciki. Wani kuma da ake samu a masallatai shi ne ƙara lasifika ba lissafi. Kan lasifikar ƙaho da yawa om 16 ne. Biyu a haɗe kai da kai sun koma om 8, huɗu om 4, takwas om 2, kuma duk sa'ad da lambar ta sauka, wutar da ake zuƙa daga amfilifaya tana hawa. A bayan na'urar akwai ƙusoshi masu rubutu, 4, 8, wasu da 16, don a ɗaura inda lissafi ya faɗa. Mai son ƙahoni da yawa a nesa da juna, layin bolt 100 aka yi dominsa, amma sai kowane ƙaho yana da ƙaramar taransifomarsa.

Akwai wani abu da saƙon bai ambata ba sam. Fis ɗin da ke jikin amfilifaya ba ya kare wayar da ta taso daga batir zuwa gare ta; wannan tana buƙatar nata fis a kusa da kan batir. Masu ƙananan jiragen ruwa a Amurka, waɗanda su ma kayan wutarsu batir mai bolt 12 suke ci, kuma in gobara ta tashi ba su da wurin gudu, ƙa'idar ƙungiyarsu ta ABYC ta ce a sa shi cikin inci 7 daga tushen wuta, kusan taƙi guda, sai in an sa wayar cikin bututun kariya ne ake sassautawa. Motar mai tallar magani, da wayarta ke ratsa ƙarfen ƙofa, ta fi kowa buƙatar wannan.

Sauran maganganun ba su kai a daɗe a kansu ba. Wai ƙugin nan mai huda kunne daga dogon ƙarfen kamfanin waya yake: a'a, makirfo ne ke jiyo lasifikarsa, a juya ƙaho ko a rage murya ya ɗauke. Amma cewa wayar hannu a kusa da amfilifaya tana sa ta ƙara kafin kira ya shigo, wannan gaskiya ne, a nisanta ta. Wai sai an murɗa maɓallin murya ƙarshe ake cin moriyar kuɗi: wannan ke ƙona ƙahoni, domin da murya ta fara dishewa na'urar ta wuce iyakarta, kuma gurɓataccen sautin yana gasa siririn naɗin wayar da ke cikin kan lasifika. A ɗaga a hankali ladan yana magana, in dishewa ta soma a koma baya kaɗan. Shawarar mai saƙon ta a rage bas ga ƙaho daidai ce, haka ma ta kakkaɓe ƙurar hunturu, sai dai in an rufe na'urar da ƙyalle, a yaye shi idan tana aiki don ta sha iska.

Cewar da ya yi sola na kashe amfilifaya, ya danganta da yadda aka haɗa. Farantin da ake kira na bolt 12 yakan ba da kusan 18 a tsakar rana, ya haura 20 idan ba a ɗora masa komai ba. Wanda ya ja waya daga faranti kai tsaye zuwa na'urar zai iya ƙona ta. Wanda ya bi ta na'urar daidaita caji, ya shiga batir, ya sa fis a bakin batirin, amfilifayarsa wutar batir take gani kamar kullum.