Tsatsar Maratayin Salansa: Bayani Ga Direbobi Da Jami'an Ƙananan Hukumomi A Kwarin Rima

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ko ya ratsa fadamar Dukku ya nufi Makera da Kangiwa, ba zai rasa cin karo da motar da salansarta ke reto ba, an ɗaure ta da waya ko da tsohuwar igiya. Wata ma har tana jan ƙasa, tana fitar da tartsatsi a kan kwalta. Akasarin masu irin waɗannan motoci sun ɗauki abin a matsayin ƙaramar matsala, tun da injin yana tashi, mota kuma tana tafiya. Dalili ke nan da ya sa muka ga ya dace mu yi wa jama'a bayani a kan wannan ɗan ƙarfe da ke riƙe da salansa ta baya, da abin da ke cinye shi a yankinmu, da kuma yadda ya kamata a gyara shi.

Bututun hayaƙi yana tasowa ne daga injin, ya bi ta ƙarƙashin mota, ya ƙare a tukunyar salansa da ke baya. Masu ƙera mota ba su manne shi a jikin motar ba, rataye shi suka yi. Akwai ƙugiyar ƙarfe a jikin mota, akwai wata a jikin salansa, sai wata roba mai kauri ta haɗa su. Hikimar haka ita ce, injin yana girgiza, ƙarfe kuma yana miƙewa idan ya ɗauki zafi, ya koma yadda yake idan ya huce. Robar ce ke shanye wannan motsi. Waɗannan ƙugiyoyi da robarsu su ne muke kira maratayi.

Maratayin baya shi ya fi saurin lalacewa, domin tsatsa na cin wurin ta ciki da waje. Ta ciki, duk litar fetur ɗaya da injin ya ƙona tana fitar da ruwa kusan lita ɗaya a matsayin tururi. Idan tafiyar gajera ce, kamar daga gida zuwa sakatariya ko kasuwa, tukunyar baya ba ta yin zafin da zai busar da shi, sai ruwan ya kwanta a cikinta. Ta waje kuwa, tayoyin baya ne ke watsa wa wurin ruwa da taɓo.

A nan ne yanayin ƙasarmu ya shigo. Lakar fadamar Rima tana da danƙo, idan ta maƙale a lungun ƙugiya takan riƙe damshi kwana da kwanaki bayan hanya ta bushe. A watannin Agusta da Satumba gulbi yakan cika ya malala, kuma jama'ar Augie da Argungu da Birnin Kebbi ba su manta da ambaliyar 2010 da ta 2020 ba, lokacin da ruwa ya shafe gonaki ya yanke hanyoyi. Motar da ta kutsa cikin ruwa da salansa mai zafi, ƙarfen yakan huce farat ɗaya, wurin walda ya yi ɗan tsagu, tsatsa ta sami ƙofa. Bugu da ƙari, tun bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a jihar nan a watan Nuwamba na 2015, da buɗe kamfanin sarrafa shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, jigilar taki da shanshera tsakanin fadama da gari ta ƙaru ainun. Takin zamani idan ya jiƙe ya tsiyaya ƙarƙashin mota yana cin ƙarfe sosai. Lodin da ya wuce kima kuma yakan dannar da bayan mota har salansa ta riƙa bugun tudu. Haka nan da yawa daga cikin motocin da ake kira 'yan Kwatano sun fito ne daga ƙasashen Turai da Amurka, inda ake barbaɗa gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, saboda haka da tsatsarsu suke zuwa, ko da fentin sama yana ƙyalli.

Idan maratayin baya ya karye, nauyin tukunyar yakan koma kan mahaɗin bututu na tsakiya da na kusa da injin. Sannu a hankali sai su tsage, hayaƙi ya fara fita a ƙarƙashin wurin zaman fasinja. A cikin wannan hayaƙi akwai iska mai guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu, ta hana shi kai iska ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da gyangyaɗi, waɗanda mutane kan ɗauka gajiyar tafiya ce ko zazzaɓi. Haɗarin ya fi yawa a lokacin hunturu da lokacin ruwan sama, sa'ad da ake rufe gilasai, kuma ya fi shafar yara da mata masu juna biyu da ke kujerar baya. Akwai kuma batun gobara. Salansar da ta sauko ƙasa tana iya kunna busasshiyar ciyawa ko tattakar shinkafa a masussuka, wadda ta karkace kuma tana iya jingina da tankin mai.

Duba maratayi ba ya bukatar kayan aiki. A bari mota ta huce, a ja birkin hannu, sa'an nan a kama bakin bututun a girgiza shi. Lafiyayye zai ɗan motsa ya koma wurinsa ba tare da ƙara ba. Idan ya bugi jikin mota, ko aka ga robar ta tsattsage, ko ƙugiyar ta sirance tana zubar da ɓawon tsatsa, to lokacin gyara ya yi.

Idan roba ce kaɗai ta mutu, aikin ɗan lokaci ne. A shafa mata ruwan sabulu, a zare, a sa sabuwa. Kada a shafa baƙin mai ko giris, domin suna lalata roba. Ya fi kyau a sauya dukkan robobin baya a lokaci guda, saboda sabuwa ɗaya a tsakanin tsofaffi ita za ta ɗauki nauyin duka. Idan ƙugiyar jikin salansa ce ta karye amma bututun yana da ƙwari, ana iya yin walda da sabon ƙarfe mai kaurin na asali, ko a sa maɗaurin da ake ƙulle shi da noti. Amma idan tukunyar ta yi laushi har ana iya huda ta da sukundireba, walda ɓarnar kuɗi ce, sai dai a sauya ta. Ƙugiyar jikin mota ita ce mai wuyar sha'ani. Dole a kankare tsatsar har a iske lafiyayyen ƙarfe, a yanke ruɓaɓɓen, a sa faci mai kauri, sa'an nan a dasa ƙugiyar a shafa fentin hana tsatsa. Bayan an gama, ya kasance akwai tazarar aƙalla yatsu biyu tsakanin bututun da jikin mota, da tankin mai, da bututun man birki.

Akwai wani gyara da muke kira ga masu walda da su daina, wato ɗauko guntun rodi a manne salansa kai tsaye a jikin mota ba tare da roba ba. Mai mota yakan tafi yana murna cewa ta ɗauru gam, alhali girgizar injin ba ta da wurin zuwa, sai ta je ta tsaga bututun a gaba, inda gyaransa ya fi tsada. Ɗaurin waya ma amfaninsa bai wuce kai mota gareji ba.

Kafin a kunna wutar walda, a cire kan batir, a fitar da jarkokin fetur daga but, a ɗaga shimfiɗar da ke cikinsa, a kare tankin mai da faifan ƙarfe, kasancewar tankunan motoci da yawa na roba ne. Idan ana jin warin fetur, kada a fara aikin sam. Haka kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman a kan rairayi. A yi aikin a kan rami, ko a tokare motar da ƙafafun ƙarfe.

Ga jami'an da ke kula da motocin ƙananan hukumominmu 21, musamman motocin ɗaukar marasa lafiya da na malaman gona, muna ba da shawarar a sanya duba maratayin salansa cikin jadawalin aiki sau biyu a shekara: a watan Mayu kafin damina ta kankama, da kuma watan Nuwamba bayan ruwa ya janye daga fadama. Takardar neman kuɗin robar salansa ba ta cancanci ta yi makonni a kan tebur ba, domin majinyacin da ke kwance a bayan mota shi ya fi kusa da hayaƙin. A kuma umurci direbobi su wanke ƙarƙashin mota duk ranar da suka dawo daga fadama ko suka yi dakon taki.

Idan kuwa ana cikin tafiya direba da fasinjoji suka fara jin ciwon kai ko jiri a lokaci guda, a tsaya nan take, a kashe injin, kowa ya fito ya sha iska. Wanda ya galabaita a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a cikin wata motar, kuma a shaida wa ma'aikatan lafiya cewa ana zargin hayaƙin mota ne.