Guzurin Ɗalibi Zuwa Samaru

Idan yaro ya sami gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, to, hidimar iyaye ta soma ke nan, domin kafin ya taka harabar jami'ar da ke Samaru, ko ta Kongo in shari'a zai karanta, wajibi ne a biya kuɗin rajista, a kuma nemi gado a ɗakin kwanan ɗalibai, abin da kan yi wuya ainun. Uwa takan haɗa garin rogo, ƙuli-ƙuli, yaji da gidan sauro. Mahaifi kuwa, bayan nasiha kan tsare salla, yakan damƙa yaron amana ga wani ɗan garinsu da ya riga shi shiga, wanda zai nuna masa ofisoshin rajista.