Gwiwar Mai Nono da Ƙafar Mota

Duk wanda ya taɓa lura da mai tallar nono a hanyar ƙauye ya ga darasin da masu ƙera mota suka shafe fiye da shekara 100 suna bita. Ƙwarya cike take a kanta, hanya kuwa ga kunyoyin gona, ga zaizayar ruwa, ga tsakuwa, amma nonon ba ya zuba. Ƙafa ce ke hawa da sauka, ƙwarya na tafiya sambal. Gwiwa ta lanƙwasa ta shanye tudu, tsokar cinya ta riƙe gwiwar kada ta yi rawa, gammo ya tare ɗan abin da ya rage, ido kuma ya riga ƙafa isa wurin. Abin da ake buƙata daga ƙafar mota ke nan: taya ta bi ƙasa duk yadda take, bodi da mutanen ciki su zauna daram.

Sifirin shi ne gwiwar. Yana matsewa idan taya ta hau tudu, ya miƙe idan ta faɗa rami. Sai dai shi kaɗai ba ya da linzami, in ya fara tsalle ba ya dainawa da wuri. Shi ya sa aka haɗa shi da shakazoba, wani bututu mai cike da mai, wanda ake tilasta wa man cikinsa ya bi ta ƙananan ƙofofi, ƙarfin tsallen ya koma zafi ya mutu. Wannan ita ce tsokar. Robobin da ke mahaɗar ƙarafa kuma su ne gammo.

Matsalar ita ce shakazoba ta gargajiya hali ɗaya gare ta. In an yi ta da laushi, mota za ta yi daɗi a gargada, amma ta karkata a kwana, ta dungura da hanci in an taka birki. In an yi ta da tauri, za ta riƙe hanya, amma bayan fasinja ya gaya masa. Mai nono ba ta da wannan damuwa, domin kowane taku da irin riƙon da take yi masa. Wannan baiwar ce injiniyoyi suke ta neman ba mota.

Faransawa ne suka fara yin nisa. A 1955 kamfanin Citroën ya fito da motar DS, wadda ba ta da sifirin na ƙarfe, sai wasu ƙwallaye masu iskar gas da mai, kuma tsayinta daga ƙasa ba ya sauyawa komai nauyin da aka ɗora mata. A cikin irinta Shugaban Faransa Charles de Gaulle ya tsira a 1962, lokacin da 'yan bindiga suka fasa mata tayoyi amma direba ya iya riƙe ta ya wuce. Ita kuwa Peugeot 504, da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba ta da wata na'ura mai tunani. Dogon zangon da ƙafarta ke da shi na hawa da sauka da kuma tsayinta daga ƙasa su suka sa direbobin tasha suka amince da ita shekara da shekaru.

Da kwamfuta ta shigo, sai shakazoba ta koyi sauya hali. A 2002 motar Cadillac Seville ta Amurka ta zo da wata da aka zuba garin ƙarfe a cikin manta. In aka ba maganaɗisun ciki wuta, garin ya jeru, man ya yi kauri. In aka janye wutar, ya tsinke. Duk wannan kafin ƙiftawar ido.

Kamfanin Ford ne ya tunkari rami kai tsaye, a motarsa Fusion Sport ta 2017. Na'urorin jin motsi 12 ne ke kai wa kwamfutar motar rahoto, ita kuma tana gyara riƙon kowace shakazoba sau 500 a daƙiƙa guda. Da zarar tayar gaba ta fara gangarawa bakin rami, sai shakazobarta ta ƙage iya ƙarfinta. Mutum zai ɗauka laushi ake nema a irin wannan wuri, amma tauri ne magani. Ba faɗawa rami ce ke fasa taya ba, karo da ɗaya bakin ne wajen fita. In taya ba ta nutse ba, dukan da za ta sha kaɗan ne. Haka mai nono ke yi idan tafin ƙafarta ya ji ƙasa ta zame: ba ta sakin nauyinta cikin ramin, sai ta ɗaure cinya ta tsallake. Sannan tayar gaba tana aika wa ta baya labari, ta shirya kafin ta iso. Don nuna haka, kamfanin ya sa ƙwallayen wasan tebur cikin rami, motar ta bi ta kai ba su fashe ba.

Jamusawa kuma ido suka ƙara. Tun 2013 babbar Mercedes S-Class take da kyamara mai ido biyu a saman gilashin gaba, tana auna tudu da kwarin hanya har kimanin mita 15. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye wannan tazara cikin kusan rabin daƙiƙa, kuma wannan ya ishi kwamfuta ta shirya kowace ƙafa, ta ɗaga ko ta sassauta, kafin taya ta taɓa wurin.

Amma kowace dabara da iyakarta. An yi waɗannan na'urori ne don ramin da taya za ta iya tsallakewa, ba wanda damina ta faɗaɗa har ya haɗiye ta ba. Kyamara na son haske da gilashi mai tsabta, ƙurar hunturu da laka na rage mata gani. Gyaransu da tsada, kuma ba kowane gareji ke da injin bincikensu ba. Sannan yayin manyan rim da siraran tayoyi yana ɓata abin da fasahar ta gyara, domin iskar cikin taya ce ke fara karɓar duka.

Saboda haka, ko wace iri ce motarka, ka kula da ƙafarta. In ka ga shakazoba na yoyon mai, ko mota na ci gaba da lilo bayan ta sauka daga tudun rage gudu, ko taya na cinyewa tsalli-tsalli, ka kai wa bakanike. Shakazobar da ta mutu tana hana taya manne wa ƙasa, birki ya yi jinkirin kamawa. Kada ka lafta mata kayan da suka fi ƙarfinta. In ka hango rami, ka rage gudu tun daga nesa, ka saki birki kafin taya ta shiga, domin birki na danne gaban mota ya cinye wa sifirin wurin motsi. Fasaha na rage wahala, amma ba ta cike rami. Wannan aikin hukumomin hanya ne, kuma haƙƙinmu ne mu ci gaba da tuna musu.