Abin da ya kamata ku sani kan kare bishiyoyin Garwa daga fari, ƙwari da iska

A Garwa ruwan sama yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, amma kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba yake zuba. Sauran watannin, bishiya da abin da saiwarta ta iya tarowa take rayuwa: hunturu ya busar da ƙasa, zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40. Idan aka nausa arewa zuwa Marwa da Kusiri, damina ta fi gajarta, rani ya fi tsawo. Da bazara ta zo ƙarshe kuma sai hadarin farko ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, a wayi gari reshe a kan kwanon wani, wata bishiyar tana kwance a tsakiyar titi. Sai a ce iska ta kayar da ita. Gaskiya iska ƙarasa ta kawai ta yi. Yawancin bishiyar da ke faɗuwa ta daɗe ba ta da lafiya: ƙishirwa ta raunana ta, ƙwari suka sami ƙofa, ruɓa ta shiga ta wurin saran gatari. Kuma akasarin wannan ɓarnar daga hannunmu take farawa.

Inuwar da muke sha yau wasu ne suka yi mata wahala. Bayan farin shekarun 1970, gwamnatin Ahmadu Ahijo, wanda haifaffen Garwa ne, ta ƙaddamar da shirin Sahel Vert, aka fito da ɗalibai da matasa suka yi ta dashe a faɗin arewacin Kamaru. An sake farfaɗo da shirin a 2008. Icen da ya fi cin moriyar wannan aiki shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya ko maina. Baƙo ne daga yankin Indiya, a 1928 aka kai shi Borno, ya kuwa karɓi ƙasar Sahel hannu bibbiyu saboda saurin girma da jure fari.

Sai dai dogaro da ice guda yana da haɗari, kuma an gani. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan ƙwaro mai ɓawo, launin rawaya, wanda masana ke kira Aonidiella orientalis, ya auka wa dogon yaro a yankin Tafkin Chadi, har da arewacin Kamaru. Manne wa ganye da ƙananan rassa yake yi yana tsotse ruwansu, ganye ya yi ɗigo-ɗigo, ya koma rawaya, ya kaɗe, reshe ya fara bushewa daga kai. A farkon shekarun 1990 kuma aka ga dogon yaro yana ramewa a Nijar, bincike ya fi danganta abin da wahalar fari da taurin ƙasa. Saboda haka mai shirin dashe a ƙofar gida, masallaci ko makaranta ya gauraya: tsamiya, aduwa, kurna, kanya, bagaruwa, maɗaci. Wasunsu suna da jinkirin girma, amma annobar da ta kama ɗaya ba lallai ta kama sauran ba.

Makomar bishiya a rani biyu ko uku na farko ake sanin ta. A yi dashe idan damina ta kankama, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, domin saiwa ta sami watanni tana shiga ƙasa kafin ruwa ya ɗauke. Dashen Satumba kusan asara ne sai ga mai ruwa a kusa. Rami ya kai kamar santimita 50 zurfi da faɗi, a cire ledar gaba ɗaya, a duba saiwar. Tsiron da ya daɗe a leda saiwarsa takan nannaɗe, kuma haka za ta ci gaba da kewaya kanta a cikin ƙasa. Irin wannan ne ke girma da kyan gani, shekaru kaɗan iska ta tumɓuke shi. A warware saiwar ko a datse inda ta lanƙwashe. Kada a binne wuyan tsiron fiye da inda ƙasar leda ta tsaya.

A wajen ban ruwa aka fi yin kuskure, kuma da kyakkyawar niyya. Yayyafa kofi biyu kowace safiya saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta taru a sama inda rana ke ƙona ta. Gara a zuba jarka guda mai lita 20 a hankali, sau biyu a mako lokacin tsananin zafi, da yamma ko da sassafe, ruwan ya nutse saiwa ta bi shi ƙasa. Wanda ruwa ke yi wa wuya ya binne tulun ƙasa kusa da tsiron ya riƙa cikawa, zai riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Ruwan alwala da na wanke hatsi duk suna da amfani, ban da mai omo da yawa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganye a kewaye don riƙe danshi, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da jikin icen. A kuma kewaye shi da ƙaya ko bulo mai ƙofofi, don akuya ɗaya ta isa ta rushe aikin damina guda.

A fako, ƙasar da Fulani ke kira harde, ruwa gudu yake yi ba ya shiga. A nan sai an haƙa rami mai siffar rabin wata a tare ruwan, a zuba taki. A cikin gari kuwa mu ne ke ƙirƙiro fakon da kanmu: a malala siminti har jikin bishiya, ko a sare manyan saiwoyi wajen haƙa lambatu da harsashin gini. Saiwoyin da ke shan ruwa yawancinsu ba su da zurfi sosai, kuma suna bazuwa har su wuce iyakar inuwa. A bar wa gindin bishiya fili. Ƙona shara a gindinta kuma ya kamata a daina shi ƙwata-ƙwata, domin wuta na kashe ɓawo ta ɓangare guda, nan ne kogo ke farawa.

Gara ta fi son busasshen ice da tsiron da ƙishirwa ta kama, kuma turare ya fi sauran shan wahalarta yana ƙarami. Idan kun ga ta yi gini a jikin bishiya, ku kankare, ku cire matattun rassa, ku ƙara ruwa. Toka da dakakken ƙwallon dogon yaro a ramin dashe suna rage ta. Ga ƙwari masu cin ganyen ƙananan itatuwa, a daka ƙwallon dogon yaro kamar giram 50 a kowace litar ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace, a fesa da yamma. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne ɗauko maganin feshin auduga a fesa wa bishiyar tsakar gida. Guba ce ga yara da dabbobi, tana kashe ƙudan zuma, tana kuma kashe ƙwarin da ke cinye masu ɓarnar, sai annoba ta dawo fiye da da. Kauci kuwa, wanda tsuntsaye ke kai irinsa kan kaɗanya da ɗorawa, tsinke ganyensa ba ya kashe shi domin ya riga ya shiga cikin reshe. Sai an yanke reshen ta ƙasa da inda ya kama, tun bai yi 'ya'ya ba.

Maɗaci yana da tasa matsalar. Ana sassaƙar ɓawonsa don magani, kuma ba wanda zai hana. Amma abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Idan aka sassaƙe shi zagaye, an yanke hanyar, icen da ya shekara hamsin sai ya mutu a tsaye. Mai ɗiba ya ɗauki siririn tsiri ta gefe guda, ya bar wurin ya warke.

Sai batun sara. Ganin iska na tafe, wasu kan gundule kan bishiya gaba ɗaya su bar kututture. Tohon da zai fito yana da yawa, yana da sauri, amma a saman ɓawo yake manne, ga wurin saran yana ruɓewa a ƙarƙashinsa. Bayan 'yan shekaru waɗannan rassan ne ke ɓallewa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a gyara bishiya tana ƙarama, a bar mata jiki guda mai ƙarfi, a cire rassan da ke gogar juna. Ga babba, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rassanta a shekara. A yi amfani da zarto, a fara ɗan yanka ta ƙasan reshe don kada ya yage ɓawo wajen faɗuwa, a ƙarasa daidai bayan kumburin da ke gindinsa. Ba a shafa baƙin mai a wurin, da kansa yake rufewa. Janairu da Fabrairu sun dace da wannan aiki. Reshen da ya kusanci wayar lantarki kuwa aikin ma'aikatan lantarki ne.

Kafin hadarin farko, ku zagaya bishiyoyin gidanku. Wadda ta soma karkata kwanan nan, ko ƙasa ta tsage a gindinta, ko laimar kwaɗi ta fito a jikinta, ko ta yi babban kogo, a nemi ma'aikatan gandun daji ko na magajin gari su duba ta. Idan hadari ya taso kuma, kada a fake a ƙarƙashin bishiya, ko don tsawa.

A gona, hanya mafi sauƙi ita ce raino maimakon dashe. A shekarun 1990 wani shiri mai suna DPGT tare da kamfanin Sodecoton, mai hedikwata a Garwa, ya ƙarfafa manoman auduga su riƙa barin 'ya'yan gawo da suka tsiro da kansu. A Maraɗi, tun daga 1983 aka soma yaɗa sassaben da ke zaɓar toho mafi ƙarfi a kututture a raine shi, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Irin wannan tsiron saiwarsa ta riga ta yi nisa, ba ya neman jarka. Gawo da damina yake zubar da ganye, ya yi kore da rani, don haka kada a gan shi tsirara a Agusta a ɗauka ya mutu.

Masu unguwanni, limamai da shugabannin makarantu, daga Yelwa har Rumde Ajiya: duk inda za a yi dashe bana, a fara sanin wanda zai ba kowane tsiro ruwa a Maris da Afrilu, a kuma tanadi abin kewaye shi tun kafin a haƙa rami.