Ba duk jinin bayan gida ba ne basir

Da mutum ya ga jini a bayan gidansa, sai ya ce ai basir ne. Daga nan sai wajen mai tallan magani, a ba shi sassaƙe ko garin da zai dama a kunu. Basir kam gaskiya ne, kuma shi ya fi yawa. Sai dai akwai cutar da ke shigowa sanye da rigarsa, wato sankarar dubura, kansar da ke tsirowa a ƙarshen babban hanji, cikin santimita kamar 15 na dab da mafita.

Ban da jini ko majina, mai ita yakan ji bayan gida ya matsa masa, ya tsuguna abu kaɗan ya fito, ya tashi yana jin bai gama ba. Kashin yakan sirance, gudawa da taurin ciki su yi ta karɓa-karɓa, ga rama da ƙarancin jini ba dalili. Kada wani ya ce ciwon tsofaffi ne: a Najeriya da yawan masu ita ba su kai shekara 50 ba, kuma wanda aka taɓa samunta a danginsa na jini ya fi zama cikin haɗari.

Kunya ce ke cinye mana lokaci. Alhali gwajin farko likita zai sa safar hannu ne ya duba da yatsa, cikin 'yan mintoci. In ya ji ƙari, a leƙa hanjin da siririyar na'ura mai kyamara, a tsinko ɗan nama a auna. Wadda aka kama da wuri ana warkewa daga ita, ta hanyar tiyata, sau da yawa haɗe da gashi da allurar kemo. Akwai sashen gashin a asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da cibiyar kansa ta Yamai.

Wasu kan gudu da sun ji za a buɗe musu mafita a ciki a manna jaka. Ba kowa ake yi wa ba, kuma na wasu na ɗan lokaci ne. Mai jaka yana kasuwarsa, yana sallarsa, domin malamai sun sa shi cikin masu lalura. Idan kuɗi ne matsala, a nemi sashen walwalar marasa lafiya na asibitin.

Malam, Hajiya, in jini ya yi makonni bai tsaya ba, a ajiye sassaƙe a je asibiti.