Gidan Ritaya a Ƙauye: Darasi Daga Dandaji

Ma'aikatan tarayya da dama, idan ritaya ta matso, sukan zuba kuɗin sallamarsu a gina gida a mahaifarsu irin na Maitama ko Asokoro: bulon siminti, manyan gilasai, rufin kwano. Bazara na kamawa gidan ya koma tanda, fansho kuma ya ƙare a man janareta.

A ƙauyen Dandaji da ke jihar Tawa ta Nijar an bi wata hanya. A 2018 masu zanen gini Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka kammala cibiyar Hikma, inda aka gina sabon masallaci da bulon jar ƙasar yankin, matsattse da inji. Irin wannan bango mai kauri yakan shanye zafin rana, ya sake shi sannu a hankali da dare.

Darasin ya shafi gidan zama. A rage tagogi ta gabas da yamma, a bar ɗorawa da kaɗanyar da aka tarar a filin, a yi zaure domin baƙi, a miƙa indararo nesa da bango saboda damina. A ɗauki maginan garin, domin su ne za su gyara gidan ranar da ya tsage.